Sharhi kan wani ofishin tura ɗalibai Ingila da ke Ikeja: takardunsu da ajinsu sun yi, shawarar kwas ce da saura

Ofisoshin da ke nema wa ɗalibai gurbin karatu a ƙasashen waje sun yi yawa a Legas, tsakanin Ikeja da Yaba, kuma kusan dukansu alkawari iri ɗaya suke yi, wato gurbi da biza cikin sauri. Wanda muka yi hulɗa da shi saboda ɗan yayana, wanda yanzu yake karatun digirin farko a wata jami'a da ke tsakiyar Ingila, yana hawa na biyu na wani bene kusa da titin Allen, kuma na ga ya dace in rubuta abin da na gani domin iyayen yara da dama a Agege da Idi-Araba suna tambayata ko su kai nasu. Amsata a taƙaice ita ce a kai, amma kada a bar musu zaɓen kwas da jami'a, domin a nan ne aikinsu ya yi rauni.

Ta fuskar takardu ban ga abin kushewa ba. Tun zaman farko ma'aikaciyar da aka haɗa mu da ita ta gaya mana gaskiyar da wasu ke ɓoyewa, cewa sakamakon WAEC kaɗai ba ya shigar da yaro aji ɗaya kai tsaye a yawancin jami'o'in Ingila, sai ya fara yin shekarar share fage, saboda haka digirin da ake cewa na shekara 3 ne zai ci shekara 4, kuma dole lissafin kuɗi ya tashi a kan hakan. Ta jera mana abubuwan da ake buƙata bi da bi: takardar CAS, wato shaidar samun gurbi da jami'a ke bayarwa domin neman biza, gwajin tarin fuka a asibitin da hukumar Birtaniya ta amince da shi, kuɗin kiwon lafiya da ya koma fam 776 a kowace shekara tun watan Fabrairun 2024, da kuɗin zama da dole su kwana a asusun banki kwana 28 a jere ba tare da sun yi ƙasa da adadin da aka ƙayyade ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe yana kayar da 'yan kasuwarmu sosai, domin mai juya kuɗi a Mile 12 ko Alaba Rago bai saba barin jari ya kwanta wata guda ba, kuma da ba ta nanata shi ba, da yayana ya taɓa kuɗin a tsakiyar wa'adin.

Abin da ya fi burge ni, kuma shi ne na ga ya cancanci kuɗin da aka biya, shi ne ajin shiri da suke gudanarwa kafin tafiya. Neman gurbin kyauta ne, amma wannan aji sai an biya, kuma ba shi da araha. Malamar da ke koyarwa ta yi karatu a can, kuma ba ta ɓata lokaci wajen labarin sanyi da dusar ƙanƙara ba. Kai tsaye ta shiga yadda ake ɗaukar darussa. Ta nuna musu cewa shekara ɗaya ta karatu kiredit 120 ce, digiri gaba ɗaya 360, kuma kowane kiredit ɗaya ana lissafa shi a matsayin awa 10 na aiki, ta yadda darasi mai kiredit 20 yake nufin awa 200, waɗanda ƙasa da rabinsu ne ake yi a gaban malami. Sauran a laburare ne ko a ɗaki, ɗalibi da littafinsa. Yaron da ya fito daga sakandare inda ake shiga aji tun takwas na safe har zuwa la'asar, idan ya ga jadawalin da ke da lacca biyu kacal ranar Talata, zai ɗauka hutu aka ba shi, alhali kuwa bashi ne yake taruwa har ranar miƙa jinga.

Na ga rubutun farko da ɗan yayana ya yi a wannan aji bayan an dawo masa da shi. Shafi biyu ne, kuma kusan kowane sakin layi yana da jan biro a gefe. A wuri ɗaya malamar ta zagaye jimloli uku ta rubuta tambaya ɗaya tak, cewa maganar wane ne wannan, domin ya kwaso su daga intanet bai ambaci mai su ba. Ya ce mini, "Baffa, ai ban ga laifi ba tunda amsar daidai ce." Malamar ta buɗe musu manhajar Turnitin, irin wadda jami'o'in can ke amfani da ita, suka ga yadda take haska duk layin da ya yi kama da rubutun wani, sannan ta bayyana cewa satar rubutu na iya jawo sifili a darasi, idan kuma aka maimaita har kora. A makarantunmu ana yaba wa mai haddar abin da malami ya faɗa. A can ana neman ɗalibi ya karanta marubuta da yawa, ya auna maganganunsu, ya faɗi nasa ra'ayin da hujja, kuma ya nuna inda ya samo kowace magana. Gara yaro ya sha wannan jan biro a Ikeja, inda ba a rubuta makin a takardar shaidarsa.

Ta kuma warware musu batun maki, wanda ke rikita iyaye fiye da ɗalibai. A digirin farko maki 40 ne ci, daga 60 zuwa 69 mataki na biyu ne babba, 70 zuwa sama kuwa mataki na ɗaya, kuma ba kasafai malami ke ba da 80 a rubutun sharhi ba. Lokacin da yaron ya samu 64 a jingarsa ta farko, yayana ya kira ni ransa a ɓace yana cewa yaro ya fara wasa, sai da na tuna masa bayanin da aka yi mana. Wanda ya faɗi darasi yakan samu damar sake rubutawa, sai dai a jami'o'i da yawa ko nawa ya ci ba za a ba shi sama da 40 ba. Haka nan zuwa aji ba ganin dama ba ne ga mai bizar ɗalibi, domin jami'a tana bin diddigin halarta, kuma idan ɗalibi ya ɓace wajibi ne ta sanar da hukumar shige da fice. Aiki ma da iyakarsa: awa 20 a mako lokacin zangon karatu ga mai yin digiri, awa 10 ga wanda kwas ɗinsa bai kai matakin digiri ba. Duk wanda ya gaya wa uba cewa yaro zai biya kuɗin makaranta da aikin da zai samu a can, yaudararsa ya yi.

Inda ofishin ya gaza shi ne shawarar abin da za a karanta da wurin da za a karanta shi. Yaron lissafin kuɗi yake so, amma suka dinga tura shi zuwa wani kwas na gudanar da kasuwanci a ɗaya daga cikin jami'o'i uku da suke ta maimaita sunayensu. Da na tambayi dalili, sai aka ce wai a can gurbi ya fi saurin fitowa. Dalilin da ba a faɗa ba sananne ne: jami'o'i suna biyan irin waɗannan ofisoshi la'ada a kan kowane ɗalibi da suka kawo, shi ya sa neman gurbin yake kyauta, kuma dillali kayan da ke hannunsa yake yabo. Karɓar la'ada ba laifi ba ne, amma ya kamata a gaya wa iyaye tun farko. Babu wanda ya buɗe mana jerin darussan kwas ɗin, na dole da na zaɓi, ko ya duba ko ƙungiyoyin akantoci irin su ACCA suna yafe wa mai wannan digiri wasu jarrabawoyi. Mu muka zauna da yaron muka karanta shafin jami'o'in da kanmu, muka dage sai kwas ɗin da yake so. Wannan dagewa tana da muhimmanci, domin sauya kwas bayan an isa ba abu ne mai sauƙi ba ga mai biza, wani lokaci ma sai an nemi sabuwar CAS.

Batun canjin kuɗi ma sun wuce shi da sauri fiye da kima. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma a watan Mayun 2024 aka ba da rahoton ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da aka umarta su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. 'Yan canjinmu na titin Allen sun fi ofishin fahimtar wannan haɗari, kuma su ne suka ba yayana shawarar ya sayi fam na shekara guda ya ajiye maimakon jiran kowane zango. Jami'a takan rufe wa mai bashi hanyar shiga darussa ta intanet, wanda kuma aka rufe wa ba zai iya miƙa jinga ba.

Akwai ƙaramin abu da ban sa ran su sani ba, amma zan ambata domin yaranmu: jadawalin lacca ba ya la'akari da sallar Juma'a, kuma a watan Disamba magariba takan yi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Idan darasi yana da rukuni fiye da ɗaya, ɗalibi na iya neman a mayar da shi wani rukunin, amma sai ya nema a makonnin farko kafin a rufe rajista.

Bayan yaron ya tashi daga filin jirgin Murtala Muhammed, kiran waya ɗaya suka yi don tabbatar da cewa ya yi rajista, daga nan ba mu ƙara ji daga gare su ba. Wanda zai je wurinsu, ya biya kuɗin ajin shirin, ya bar musu takardun biza, sannan ya shiga ofishin da sunan kwas da jami'o'in da shi da yaronsa suka riga suka bincika a rubuce, kuma ya tambaye su ƙarara waɗanne jami'o'i ne suke biyansu la'ada.