Gidan abincin matafiya a Potiskum: tuwo mai kyau, makewayi mai neman gyara

Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta haura kilomita 500, kuma tana ratsa jihohi biyar, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno. Tun 2006 aka ba da kwangilar tagwaita ta, kuma a wuraren da aikin ya kammala mota tana sakin jiki sosai, amma duk da haka tafiya ce da ke cinye mafi yawan yini, don haka babu makawa sai matafiyi ya tsaya ya ci abinci a wani gari. A ganina Potiskum ce ta fi cancanta da wannan tsayawa, kuma akwai wata rumfar abinci a bakin titin garin, daura da inda manyan motoci ke fakawa, wadda nake son in yi bayaninta dalla-dalla.

Kafin a kai can akwai wuraren da ke jan hankali. A Wudil, da an doshi gadar kogi, mata da yara ne ke rufe mota da farantan soyayyen kifi, kuma kifin yana da daɗi idan aka dace da wanda bai kwana ba, sai dai wanda ya baro Kano da asuba yana isa nan ne tun yunwa ba ta kama shi ba. Idan ranar Juma'a ce kuwa, cinkoson kasuwar shanu kaɗai ya isa ya hana direba tsayawa. Bayan an wuce Shuwarin da Kiyawa da Jama'are, Azare tana da masa mai kyau, irin ta ƙasar Bauchi da ake ci da miya ko a barbaɗa mata yaji, amma wannan karin kumallo ne, ba abincin da zai riƙe mutum har yamma ba.

Rumfar da nake magana a kai ba ta da allon suna. Rufin kwano ne a kan ginshiƙai, da bencina dogaye, da tabarmi a gefe guda domin wanda ya fi son ya miƙe ƙafa, sannan murhu a baya inda manyan tukwane ke kan wuta. Mai wurin dattijuwa ce da kowa ke kira Hajiya, ita ke zaune a gaban tukunyar miya da ludayi a hannu, yara samari kuma na kai da kawowa da kwanuka. Abin da ya fara burge ni shi ne, mutum yana sauka daga mota za a tarbe shi da “Alhaji, sannu da hanya,” a ajiye masa buta da sabulu a gabansa tun kafin a tambaye shi abin da zai ci. Ƙaramin abu ne, amma wanda ya yi awanni a matse cikin mota ya san darajarsa.

Tuwon shinkafa da miyar kuka shi ne ƙashin bayan wurin, kuma a nan ne yabona ya fi ƙarfi. Tuwon ya tuƙu sosai, ba shi da gudaji, kuma da zafinsa ake kwaso shi, ba irin malmalar da ta yini a leda har ta yi gumi ba. Miyar tana da kauri daidai, an ji daddawa a cikinta ba tare da ta rinjayi komai ba, an kuma kaɗa kukar yadda ba ta dunƙule ba. Hajiya da kanta take ɗiga man shanu a kai, ƙamshinsa kuwa yana tashi tun kafin kwanon ya iso. Naman ciki ya dahu har yana rabuwa da ƙashi da ɗan taɓawa, alamar cewa tun safe yake kan wuta. Wannan ba abin mamaki ba ne a garin da ke da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, inda nama ba ya yin doguwar tafiya kafin ya shiga tukunya. Ana kuma samun burabusko, abincin da daga nan zuwa Borno ake ji da shi, an turara shi ya yi washar-washar, kuma wanda bai taɓa ci ba zai yi kyau ya fara a nan. Farfesun kayan ciki ma ya yi, kodayake barkonon ya ɗan yi yawa ga mai ciwon gyambon ciki.

Shinkafa da miyar tumatir ce kaɗai ban ga abin yabo a cikinta ba. Mai ya yi mata yawa, kuma da gani an dafa ta ne domin kada a ce babu.

Dalilin da ya sa abincin wurin yake da zafi a kowane lokaci shi ne yawan masu ci. Potiskum mahaɗa ce, domin hanyar da ta taso daga Bauchi ta Darazo da wadda ta nufi Gashuwa duk a nan suke haɗuwa da ta Kano, ga kuma direbobin tirela da garin ya yi suna da su. Waɗannan direbobi da yaran motarsu su ne ke cika bencinan, kuma mutane ne da ke bin hanyar kullum, ba sa komawa inda aka taɓa ba su abincin da ya kwana. Tukunya ba ta daɗewa take ƙarewa a ɗora wata. Wannan ya bambanta da wasu wuraren da direban motar haya ke kai fasinjojinsa saboda shi ana ba shi abinci kyauta, su kuma su biya da tsada ko abincin ya yi daɗi ko bai yi ba. Farashi a nan na talaka ne, kuma idan mutum ya ce “Hajiya, a ƙaro miya,” ana ƙara masa ba tare da an sake lissafi ba.

Sauri ma wani abu ne da ya kamata a yaba, domin a wannan hanya lokaci ba abin wasa ba ne. Daga Potiskum zuwa Damaturu kimanin kilomita 100 ne, daga can zuwa Maiduguri kuma kimanin 130, ta Ngamdu da Benisheikh da Jakana da Auno, ga shingayen jami'an tsaro a tsakani, kuma kowane direba yana son ya shiga gari da sauran rana. Mutanen yankin ba su manta da abin da ya faru a Auno cikin Fabrairun 2020 ba, lokacin da aka kashe matafiyan da dare ya riske su a wajen ƙofar shiga birnin Maiduguri. Ma'aikatan rumfar sun san haka, shi ya sa kwano ke isowa kusan da zaman mutum, kuma akwai ɗan masallaci a gefe inda matafiyi zai haɗa Azahar da La'asar ya kama hanya.

Inda wurin ya gaza ƙwarai shi ne makewayi. Guda ɗaya ne, maza da mata ke bin layinsa, ƙofarsa ba ta rufuwa da kyau, ruwan da ke cikin durom kuma yakan ƙare da tsakar rana. Na ga wata mata da goyo ta duba ta juyo, ta koma mota ba tare da ta ci komai ba, kuma wannan asara ce ga mai wurin kafin ta zama takura ga matafiya. Babu kuma keɓantaccen wurin zama na mata, alhali labule ɗaya da tabarma biyu sun isa su magance matsalar. Ruwan wanke kwanuka ma ya kamata a riƙa sauya shi da wuri fiye da yadda ake yi, musamman da bazara lokacin da ƙuda ke yawa. Wurin da ya iya girki haka bai kamata waɗannan su rage masa daraja ba.

Wanda zai tsaya ya riƙe tsabar kuɗi, domin tura kuɗi ta waya yakan ɗauki lokaci idan sabis ya yi rauni, direba kuma ba zai jira ba. Ranar Laraba, wadda ita ce ranar kasuwar shanu, bencina kan cika tun kafin Azahar, burabusko kuma shi ke fara ƙarewa, don haka mai son sa gara ya iso da hantsi.