Saƙo daga Yiwu zuwa mutanen ƙasar Auyo

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na ƙasar Auyo da Kafin Hausa da kewaye. Ina fatan an yi kaka lafiya, kuma shirin noman rani yana tafiya yadda ake so. Da yawanku kun san cewa sana'ata a nan birnin Yiwu na lardin Zhejiang a ƙasar Sin ita ce saya wa 'yan kasuwarmu kaya, in yi musu ciniki da tafinta, in haɗa kayan a kwantena, su kuma su ba ni la'adata. Na rubuto ne saboda wani abu da ya same ni a kasuwa, wanda har yanzu bai bar raina ba, kuma ina ganin ya shafi makanikai da dillalai da samarin gida fiye da yadda ya shafe ni.

Akwai wata mata da na daɗe ina sayen injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana a shagonta. Na je in ji farashi saboda wani Alhaji na wajenmu da ya saba aiko ni duk lokacin da rani ya gabato. Ta tarbe ni da shayi kamar yadda ta saba, sannan ta juyo fuskar wayarta ta nuna mini hoton wani saurayi, ta tambaye ni ko na san shi. Ɗan Alhajin ne, yaron da na sani tun yana makarantar allo. Ashe ya ga tallanta ta bidiyo, ya rubuta mata da Turancinsa na sakandare, manhaja ta juya mata maganar zuwa Sinanci, ta zagaya da shi cikin ɗakin ajiyarta da kyamarar waya yana zaune a Haɗejia, suka daidaita, ya biya, har kayan sun kama hanyar tashar jiragen ruwa ta Ningbo. Farashin da ta ba shi kuwa shi ne wanda take ba ni. Ma'aikatanta biyu suna tsaye suna kallona, ni kuma ina riƙe da kofin shayi da takardar odar da ba ta da sauran amfani. Ba ta yi don ta wulaƙanta ni ba, amma na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba a ƙasar nan, domin a gabana aka nuna cewa tafintar da nake taƙama da ita, waya tana yin ta kyauta.

Da ta ga jikina ya yi sanyi sai ta ba ni labarin shagon. Da tocila da batir mahaifinta ya fara, da wayoyin hannu suka zo da tasu fitilar ciniki ya faɗi, sai suka koma fitilun sola, da kowa ya shigo harkar fitilun riba ta tsuke, sai ta koma injinan ban ruwa, yanzu kuma tana shirin ƙara batiran ajiyar wuta. Ta ce duk lokacin da ta ga kaya suna tafiya sosai, a ranar take fara tunanin abin da zai kashe su.

Wannan hali na mutanen garin ne gaba ɗaya. Yiwu ƙasa ce mai tsaunuka da ƙarancin gona, kuma kakanninsu 'yan koli ne masu yawo ƙauye ƙauye da alewar rake suna musanya ta da gashin kaji, su yi taki da shi ko abin kaɗe ƙura. A 1982 ne hukumar yankin ta yarda manoma su buɗe kasuwar ƙananan kaya a fili, yau kuwa babbar kasuwar Futian tana da shaguna sama da 70,000, kuma tun 2014 jirgin ƙasa na kaya yake tashi daga nan har Madrid ta ƙasar Sifen. Idan na tuna cewa Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana aika turkuɗi da fata har Arewacin Afirka lokacin da ba wanda ya san Yiwu, sannan na tuna yawancin atamfar da ke Kantin Kwari daga ƙasar nan ake kai ta, sai zuciyata ta yi nauyi.

Abin da ya ba yaron nan ƙarfin halin tura kuɗin mahaifinsa ga matar da bai taɓa gani ido da ido ba shi ne tsarin riƙon amana, kuma a nan nake so 'yan kasuwarmu su tsaya su duba. Lokacin da kamfanin Alibaba ya buɗe kasuwar intanet ta Taobao a 2003, matsalarsu irin tamu ce: mai saye yana tsoron ya biya a gudu da kuɗinsa, mai sayarwa yana tsoron ya aika kaya a hana shi haƙƙinsa. Sai suka kafa Alipay a 2004, wanda yake riƙe kuɗin a tsakiya har mai saye ya tabbatar kaya sun iso hannunsa yadda aka yi alkawari, sannan a saki kuɗin. Da wannan ne ƙauyuka suka shiga kasuwar duniya. Akwai wani ƙauye mai suna Dongfeng a lardin Jiangsu, wanda a da sana'arsu tattara tsofaffin robobi, samarinsu suka fara haɗa kantoci da tebura masu sauƙi suna sayarwa ta intanet, har ƙauyen ya cika da masana'antu da kamfanonin jigila.

Mu ma ba a bar mu a baya ba wajen biyan kuɗi ta waya. Wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ta koya wa kowa tura kuɗi, har mai shayi da mai kifi a Haɗejia suna da lambar asusu, kuma 'yan POS sun cika kowace kasuwar ƙauye. Amma tura kuɗi daban, riƙon amana daban. Har gobe manomin riɗi ko zoɓo a Maigatari da Gumel ba ya iya sayarwa ga wanda ba ya gani, sai ya bi ta hannun dillali, dillalin ya bi ta hannun wani a Dawanau, kowa ya yanki nasa, alhali riɗin nan har ƙasar Sin ake kawo shi. Ni dillali ne, ba na zagin sana'ar, amma dillalin da jarinsa kawai shi ne ɓoye farashi, kwanansa ya ƙare. Wanda zai tsira shi ne mai tace kaya, mai awo na gaskiya, mai ajiya mai kyau, wanda idan ya ce buhun nan babu ƙasa a cikinsa, a yarda ba sai an zazzage ba.

Kada ku ɗauka zaman nan daɗi ne zalla. WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa sai da dabara, don haka gaisuwa da gida ma aiki ce. Idan ka miƙa takardar kuɗi a kanti sai a yi ta neman canji ana kallonka kamar ka zo da abin da aka daina yayi, kuma ranar da cajin wayarka ya ƙare a hanya, ko ruwan sha sai ka sha wahala kafin ka saya. Sabunta takardar zama kullum da fargaba, sanyin hunturunsu mai damshi yana shiga har ƙashi, kuma ko da yake akwai babban masallaci da gidajen abincin halal na Larabawa da Musulmin ƙasar, babu inda za ka sami tuwon dawa da miyar kuka, balle furar da aka dama da nonon safe. Sai dai idan ka yi odar ƙaramin kusa ko wayar wuta da dare, cikin kwana biyu ko uku za ka same shi a akwatin ajiya na ƙofar gidanku, ba sai ka je tasha ka roƙi direba ka yi ta kiransa yana kashe waya ba.

Akwai kuma wani ƙorafi da nake yawan ji daga gida, wai kayan Sin ba su da ƙarko. Gaskiyar magana ita ce masana'anta ɗaya tana yin kaya hawa hawa, kuma da idona na ga 'yan kasuwarmu suna cewa a rage kaurin wayar wuta, a rage nauyin jan ƙarfen da ke cikin injin, amma a bar rubutun kwali yadda yake. Manomi ya sayar da shinkafarsa ya saya, injin ya ƙone a tsakiyar rani, alkama ta bushe, a ce laifin Sinawa ne. Wannan zalunci ne, kuma Allah zai tambaya. A nan ne ma na ga inda sana'ata za ta koma: waya tana iya yin tafinta da ciniki, amma ba ta iya kwance inji ta auna abin da ke ciki, don haka yanzu aikina duba kaya kafin a loda, da haɗa ƙananan oda na mutane da yawa a kwantena ɗaya, da nemo kayan gyara.

Kayan gyaran nan su ne suka fi damuna. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, ban ruwa da injin fetur ya zama asara ga ƙaramin manomi, kuma ƙasar Sin, wadda take ƙera sama da kashi 80 cikin 100 na allunan sola na duniya, ta karya farashinsu ƙwarai. Fadamunmu za su cika da su ko muna so ko ba ma so. To wa zai gyara? Na yi magana da Kawu, wanda ya fi kowa sanin injin ban ruwa a yankinmu, ya ce shi ba ya taɓa abin da ba shi da fulogi da kafireto. Ina girmama shi, amma yaran shagonsa ba su kai shekarunsa ba, kuma bai kamata a ɗaure su a kan injin da manoma suke jinginewa ba. Samarin da suke kwana suna kallon bidiyon barkwanci, da wayar da ke hannunsu za su iya koyon haɗa allo da na'urar daidaita wuta da gano inda ta ƙone.

Don haka ina roƙon Yaya da shugabannin ƙungiyar manoman rani su zaɓo samari masu natsuwa daga shagon Kawu, da izininsa. A kwantenar da za ta taso nan gaba zan saka na'urar awon wuta da kayan gyara da inji ɗaya na koyo wanda za su kwance su mayar, kuma matar nan ta yarda injiniyanta ya riƙa nuna musu aikin ta bidiyo ina fassarawa, ranar da ba ta kasuwa ba, bayan sallar azahar agogon gida.