Darasin hoto a Tafkin Bosomtwe: malamin ya iya, tsarin ne babu

Shekara shida ina ɗaukar hoton suna da biki tsakanin Aboabo da Asawase a Kumasi, fuskar mutum ba ta taɓa ba ni wahala ba. Amma da na juya kyamara wajen dutse ko ruwa sai hoton ya fito dishi-dishi, har na fara zargin gilashin da na saya na hannu a Adum. Shi ya sa na biya kuɗin darasin nan na wuni ɗaya da ake talla a WhatsApp, wanda ake kwasar mutane zuwa Tafkin Bosomtwe.

Muna sauka bakin ruwa a Abono na kafa kyamara yadda na saba: ƙofar haske a f/22, saiti a kan tsaunukan tsallake, masu nisan wajen kilomita 8. Malamin, yaro ne ƙarami, ya leƙo ya ce, "Yaya, wa ya ce ka matse ta haka?" Na ce ai in lamba ta hau, gaba da baya duk suna fitowa. Ya ce haka ne, amma in ramin ya ƙanƙance da yawa haske yana bazuwa a gefensa, sai hoton gaba ɗaya ya yi laushi. Ya mayar da ita f/8, gilashi a 18mm, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100. Ya nuna wani dutse mai nisan mita 2 daga gare mu ya ce in saita a kansa, in kashe saitin atomatik, in sa jinkirin daƙiƙa 2 don kada hannuna ya girgiza ta.

Wallahi da muka buɗa hotunan biyu a jere sai da na yi shiru. A na f/8 ɗin, tsakuwar gabana, masuncin da ke zaune a kan katakonsa a tsakiyar ruwa, bishiyoyin kan tsauni, komai raɗau. Ashe gilashina lafiyarsa ƙalau. A irin kyamarata mai ƙaramar sensa (abin da ke karɓar haske a cikinta), in ka saita a mita 2 ɗin nan, daga mita 1 har ƙarshen gani duk a sarari suke. Ya kuma ja kunnena cewa in na zuƙo zuwa 35mm, wurin saitin yana komawa kusan mita 8. Wannan minti goman kaɗai ya biya ni kuɗina.

Sai dai yanzu da nake rubutawa raina ya sake ɓaci. An ce mu haɗu a Kejetia bayan asuba don mu riski hasken safiya, motar ba ta tashi ba sai takwas ta gota. Kafin mu wuce Kuntanase rana ta take, ga hazon Janairu ya lulluɓe rabin tafkin, kuma babu lambar da ke maganin hazo. Mu goma sha ɗaya, mai ƙafa uku na ɗora kyamara guda biyu kacal, sai layi muke bi. Wata 'yar'uwa daga Sawaba ko sau ɗaya ba ta samu ta ɗora tata ba, ita ma kuɗinta ta biya cif. A hanyar dawowa kuma aka ce kowa ya kawo kuɗin mai, alhali an ce yana ciki.

Takardar lissafin nisan da malamin ya yi alkawarin turowa, yau mako uku shiru. Ban ce kada ku je ba, amma ku riƙe mai ƙafa uku naku, ku sa a rubuta muku lokacin tashi da maganar mota. Ni dai in ruwan farko ya wanke sama zan koma Abono ni kaɗai, in kwana can.