Takardar tambayoyi ko gwaji: da wanne za a fara wa ɗalibai?

Malam, ka ce kana koyar da dabarun bincike ga ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam da za su tattara bayanansu a makarantun ƙauyukan Gumel da Maigatari, kana kuma son sanin wanne ya fi kaifafa musu tunani: raba takardar tambayoyi ko shirya ƙaramin gwaji. Shawarata ka fara da gwaji.

Takarda tana amsa "mutum nawa?" da "me suke cewa?". Gwaji kuwa yana amsa "me ya jawo?". A ce ɗaliba ta tambayi yara 100, ta ga masu karyawa da koko da ƙosai sun fi cin jarrabawa. Ba ta da hurumin cewa kokon ne sanadi. Gidan da ke iya ba yaro kalaci kullum, galibi shi ne ke saya masa littafi, shi ne kuma ba ya tura shi talla ko kiwo ranar makaranta. Takarda ba ta iya tsefe abubuwan da suka cuɗe haka.

Ana ganin takarda ta fi sauƙi, amma a karkara tarkonta da yawa. Wanda bai iya boko ba sai an karanta masa, muryar mai karantawa kuma tana nuna amsar da ake so. Ga kara da kunya: dattijo ba zai musa wa baƙo ba, matar aure ba za ta faɗi damuwarta a gaban uwar miji ba. In kuma aka zaci tallafi za a raba, amsa sai ta sha gishiri. Idan daga Turanci aka ɗauko tambayoyin, mutum ɗaya ya mayar da su Hausa, wani da bai ga na asali ba ya sake mayar da su Turanci, a gwama, sannan a jarraba a kan mutum 10 kafin a fita.

Gwajin da ya dace da aji bai wuce kuɗin takarda da biro ba. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya lura cewa karatun da aka rarraba ya fi zama a ka. Bayan izinin hedimasta da iyaye, a ɗauki yara 40 'yan aji ɗaya, da jerin kalmomi 20. A rubuta A a ƙuri'a 20, B a 20, a nannaɗe, a zuba a hula, kowa ya zara. Rukunin A su yi minti biyar-biyar kwana huɗu, rukunin B su yi minti 20 a zama ɗaya a rana ta huɗu, don a gama tare. Bayan mako guda kowa ya rubuta abin da ya tuna.

A nan ne darasin yake. Idan malamin aji ya zaɓi yaran da kansa, masu ƙoƙari za su taru wuri ɗaya, shi ya sa ƙuri'a ta zama dole. Idan an gwada rukuni ɗaya da safe, ɗayan bayan azahar cikin zafi, gajiya aka auna. A karɓe jerin bayan kowane zama, in ba haka ba zai zagaya ajin. Mai duba amsa kada ya san rukunin yaro, lamba kawai zai gani. A 1963 Rosenthal da Fode sun ba ɗalibai ɓeraye iri ɗaya, suka ce wa wasu nasu masu basira ne, wasu kuma daƙiƙai, sai sakamakon ya bi abin da aka faɗa musu. Duk kuskuren nan ɗalibi zai gan shi da idonsa, abin da takarda ke ɓoye masa.

Gwaji ma da iyakarsa. Yara 40 a makaranta ɗaya ba su wakilci Jigawa ba, kuma ba a hana yaro abinci ko a dake shi don a ga abin da zai faru. Irin waɗannan tambayoyi sai takarda da hira. Sakamako ɗaya ma ba hujja ba ne: a 2015 masana sun maimaita bincike 100 na wannan fanni, kusan 36 kacal suka sake fitowa da ƙarfi. Saboda haka ka raba ɗalibanka gida biyu, su yi gwajin a makarantu daban, su zo su kare bambancin da suka samu.

Takarda ta biyo baya a zango na biyu. Ka kauce wa ranar kasuwa da lokacin shuka da girbi, domin yaran da za su ɓace maka a ranakun ba ƙuri'a ce ta cire su ba.