Manhajar Fassara a Waya: Ta Iya Sunaye, Aikatau Ya Gagare Ta

Na daɗe ina amfani da wata manhajar fassara ta wayar hannu wajen juya wasiƙun kasuwanci daga Hausa zuwa Turanci, kuma gaskiya tana da sauri da sauƙin sarrafawa. Sunayen kaya, adadin kuɗi da gaisuwa duk tana kawo su daidai. Inda take tuntuɓe shi ne aikatau, wato kalmar da ke nuna aiki a jimla, wanda a kansa ma'anar jimlar Hausa ta rataya.

Tun a 1960 masanin harshe F. W. Parsons na Jami'ar Landan ya kasa aikatan Hausa aji bakwai, bisa la'akari da wasalin ƙarshe da karin sauti, wato hawa da saukar murya. Bahaushe ba ya buƙatar sanin wannan kafin ya ji bambancin "ya sayi masara", "ya sayo masara" da "ya saye masarar". Na farko ciniki ne kawai, na biyu ya nuna an kawo ta nan, na uku kuwa yana cewa bai bar wa kowa ko tiya ɗaya ba, har ana iya jin ƙamshin zargin ɓoye abinci a cikinsa. Manhajar ta mayar da ukun jimla ɗaya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun bashi. "Na ranci kuɗi a wurinsa" da "na ranta masa kuɗi" sun raba mai bin bashi da wanda ake bi, amma da jimlar ta yi tsawo sai ta juya su, wanda ya taimaka ya koma mai roƙo. Haka nan "an kashe kuɗin", wadda ake faɗa da gangan don a sakaya mai laifi, ta ɗora ta a kan wasu mutane da ba a ambata ba. "Musa ne ya biya" kuma ta zubar da nauyin "ne", alhali a gaban alƙali wannan ƙaramar kalma ita ce shaidar.

Ba laifinta ba ne kaɗai, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ga mai neman fahimtar saƙo a gurguje ta wadatar, amma takardar yarjejeniya, gado ko jinginar gona, a kai wa ƙwararren tafinta ya duba kafin a sa hannu.