Saiwa, dashe ko iri: wanne za ka saya in kana son hops a lambun gida?

Hops tsiro ne mai yaɗo, kamar soso, sai dai shi ba ya mutuwa gaba ɗaya. Sanyi na shigowa ya bushe daga sama, saiwar ta kwanta a ƙasa, watan Afrilu kuma ya sake tohowa. Mafi yawan abin da ake nomawa a Hallertau ta Jamus da kwarin Yakima na Amurka masana'antun giya yake tafiya, wannan ba ɓoyayye ba ne. Amma 'yan'uwanmu mazauna Turai da Amurka da ke tambaya a kansa inuwa suke nema a katanga, wasu kuma furen suke so don shayi ko cusawa a matashin kai saboda barci. A Beljiyam har tohonsa ake ci, da tsada kuwa.

Kafin ka fitar da kuɗi, duba inda kake zaune. Hops na son doguwar rana da sanyin hunturu, shi ya sa noman sa ya tattaru tsakanin digiri 35 zuwa 55 daga layin da ya raba duniya biyu (ikwaita). Kano tana kan 12, yini da dare kusan kunnen doki ne duk shekara. Wanda ya sayo shi ya kai Kano ko Maraɗi zai ga ya yi fure tun yana gajere, ba yabanya ba amfani. In a gida kake, soso ko inabi sun fi maka.

Da siga uku ake sayar da shi. Iri shi ne mafi araha, kuma shi ne ban ba ka shawara ba. Hops yana da mace da namiji, macen ce kaɗai ke yin furen nan mai kama da ƙaramin abarba. Ka shuka iri, ba ka san abin da zai fito ba, ko macen ce ta fito ba lallai ta gaji uwarta ba. Ga wani tarko: wasu fakitin iri na hops ɗin Japan ne, wani tsiro dabam da ba ya ba da furen kirki, mai mamaye wuri har Tarayyar Turai ta sa shi cikin tsirran da ta hana.

Saiwa, wato guntun jijiya mai ido da aka yanko daga uwa mace, ita ce zaɓin yawancin masu lambu. Daga Maris zuwa Afrilu take fitowa kasuwa, lokacin ya wuce sai baɗi. Zaɓi mai kaurin yatsa, mai tauri, da ido biyu ko uku. Wadda ta yi laushi ko fumfuna, bar musu kayansu. Aibinta shi ne ba duka ke tashi ba, don haka sayi biyu. Dashe na cikin tukunya ya fi tsada, amma ka ga ganyensa da idonka, kuma in daga gidan rainon tsirrai mai takardar shaidar lafiya ya fito, ka rage haɗarin kwaso cuta. Wanda bai taɓa yi ba, ni dai dashen nan zan ce ya ɗauka.

Sai maganar nau'i, kuma a nan faɗin gidanka ne alƙali. Cascade, wanda aka fitar a jihar Oregon ta Amurka a 1972, jarumi ne: yana jure sakaci, yana zuba fure, ƙanshinsa kamar na lemon tsami. Matsalarsa tsawo. Yakan kai mita 6, a ganiyarsa yana iya ƙara kusan taƙi guda a yini, don haka sai da doguwar igiya ko dirka. Fuggle na Kent, tun 1875 ake nomansa, ya saba da damshin Ingila amma ciwon yaushi na kama shi da wuri. Saaz na ƙasar Cek ƙanshi gare shi, amfani kaɗan. Mai ɗan tsakar gida a Landan ko Manchester ya nemi Prima Donna, wanda ake kuma kira First Gold, gajeren nau'i daga kwalejin Wye ta Ingila, da ke tsayawa a mita 2 zuwa 3, yana kuma zama a babbar tukunya. In ado kawai kake so, Aureus mai ruwan ɗorawa ya wadatar. Wanda ya ce zai sayar maka da saiwar Citra, yi hattara, nau'in mallakar kamfani ne, ba a sakin sa ga masu lambun gida.

Lissafa da igiya mai kaushi, takin gargajiya, da wurin da rana ke bugawa awa 6 zuwa 8. Shekarar farko saiwa yake ginawa, kada ka sa rai da yawa, sai ta uku yake cika. Ana tsinka daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, idan furen ya yi ƙamas kamar takarda, garin cikinsa mai ruwan ɗorawa na manne wa yatsa. Sa riga mai dogon hannu, kararsa na karce fata. In maƙwabcinka na da kare, kada ka zubar da furen inda zai kai baki, guba ne gare shi.