RCBO mai 30mA a layin banɗaki: a saye ta, amma a san iyakarta

Ga wanda zai ja wuta zuwa banɗaki, ko wurin wanki, ko inda injin tura ruwa yake, RCBO mai 30mA (miliamfiya 30) ce ya kamata a fara saya, kafin fitila da hita. Ƙaramar na'ura ce da ake ɗorawa a akwatin rarraba wuta a gurbin bireka. Tana katse wuta idan lodi ya yi yawa ko wayoyi suka haɗu, kamar kowace bireka, sannan tana katsewa idan wuta ta fara zurarewa ta inda bai kamata ba.

Wannan aiki na biyun shi ne dalilin sayenta. A cikinta akwai zobe da wayar wuta da ta nutural suke ratsawa. Duk abin da ya tafi ta ɗaya dole ya dawo ta ɗayar. Idan aka sami giɓi, to wani kaso ya bi bututu, ko jiƙaƙƙen bango, ko jikin mutum. Wanda yake jiƙe, ƙafa ba takalmi, juriyar jikinsa kan iya sauka zuwa wajen om 1,000, kuma a wuta mai bolt 230 hakan na nufin miliamfiya 230 na ratsa shi. Tun daga wajen miliamfiya 10 hannu ke fara kasa sakin abin da ya riƙe. Bireka mai amfiya 16 kuwa ko motsi ba za ta yi ba, don a wurinta wannan bai kai lodin ƙaramin fanka biyu ba. RCBO da ta cika ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 61009 tana katsewa cikin daƙiƙa 0.3 idan zurarar ta kai 30mA, cikin daƙiƙa 0.04 idan ta kai 150mA, kuma ba ta faɗuwa a ƙasa da 15mA.

A wajen zaɓe ake yawan yin kuskure. A duba fuskar na'urar a ga an rubuta 30mA ko 0.03A. Masu 100mA da 300mA na rage haɗarin gobara ne, ba za su kare wanda ke wanka ba. A ɗauki nau'in A, a bar nau'in AC, domin injin wanki da hitoci masu allon lantarki a ciki kan zurar da wuta mai bugu gefe ɗaya, wadda nau'in AC ba lallai ya gani ba. Mun fi son wadda ke katse wayar wuta da nutural tare, saboda idan an juya wayoyin daga sama, mai katse guda ɗaya za ta faɗi ta bar layin da rai. Girmanta kuma ya bi kaurin waya: hita mai tanki ta kilowat 3 tana jan kusan amfiya 13, don haka amfiya 16 da waya mai kaurin 2.5mm² sun wadatar a yawancin gidaje; mai dumama ruwa nan take ta kilowat 7 tana jan kusan amfiya 30, sai amfiya 32 da waya 6mm², ko fiye idan tafiyar na da nisa.

Abin da ta fi RCD (na'urar da ke katse wuta idan ta zurare) guda mai riƙe da gida duka shi ne, idan hita ta sami matsala, layinta kaɗai zai ɗauke. Mutum ba zai tsinci kansa cikin duhu a kan tayil mai santsi ba.

Tana da nata aibu. Sirara masu cin gurbi ɗaya yawanci na lantarki ne, suna buƙatar wuta kafin su yi aiki, don haka idan nutural ya yanke daga sama wasu ba sa katsewa. Masu jelar waya sukan cushe akwati, kuma jelar da ba a ɗaure da kyau ba tana zafi. Ba ta yarda da nutural na haɗin gwiwa: idan fitilar banɗaki ta ari nutural daga layin wani ɗaki, da an kunna za ta faɗi. A nan laifin na wayarin ne, kuma gyaran shi ne a raba layukan. Haka idan ta riƙa faɗuwa duk lokacin da tsohuwar hita ta ɗau zafi, galibi ƙarfen dumamawar ne ya tsage ruwa ya shiga. Cire RCBO a mayar da bireka don a huta da faɗuwa ganganci ne da rai, domin zurarar tana nan, an dai rufe bakin mai faɗa.

Akwai kuma abin da ba za ta iya ba sam. Wanda ya taɓa wayar wuta da nutural a lokaci guda, na'urar tana ganinsa tamkar fitila, don abin da ya tafi ya dawo. Ba ta rage ƙarfin jan wutar, tsawon lokacinsa take gajartawa. Shi ya sa sauran sharuɗɗan IEC 60364-7-701, ƙa'idar wayarin banɗaki, suke nan daram: cikin baho ko kwamin shawa sai kayan IPX7 (masu jure nutsewa a ruwa) masu wutar da ba ta wuce bolt 12 ba, sama da shi har tsayin mita 2.25 daga ƙasa, da santimita 60 a gefensa, aƙalla IPX4 (masu jure fantsamar ruwa). Soket na yau da kullum ya yi nesa da nan. Jikin hita ya sami atin (wayar da ke kai wutar da ta zurare ƙasa) mai kyau, inda ake buƙata kuma a haɗe bututun ƙarfe da wayar atin ta 4mm².

Maɓallin gwaji mai alamar T na'urar kawai yake gwadawa, bai san ko atin ɗin gidan na aiki ba. Bayan an ɗora, ƙwararren mai aikin wuta ya sa mitar gwajin RCD a ƙarshen layin, ya rubuta lokacin da ta ɗauka kafin ta katse. Daga nan a riƙa danna maɓallin duk wata shida, ko yadda kamfanin ya rubuta, don hannun cikinta kan maƙale idan ya daɗe bai motsa ba. Wadda aka danna ba ta faɗi nan take ba, a kashe layin a canza ta kafin kowa ya sake shiga wanka.